Na je Bletchley na ga Colossus tana aiki

Daga tashar Euston ta Landan jirgin ƙasa ko awa ɗaya bai yi ba ya sauke mu a Bletchley, kusa da Milton Keynes. Ni da yayana ne, shi da yake zaune a Ingila bai taɓa zuwa ba ma, ni na matsa masa. Garin shiru, ga sanyi ga yayyafi, kana fita tasha ka taka kaɗan ka iso Bletchley Park, inda turawan Ingila suka tara mutane kusan dubu tara lokacin yaƙin duniya na biyu suna warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus, kuma yawancinsu mata ne.

Mun leƙa babban gidan da ɗakunan katako, har da ofishin masanin lissafi Alan Turing a ɗaki na 8, amma gaskiya hankalina na gaba. Gidan tarihin kwamfuta yana can gefe a wani gini da ake kira Block H, tikitinsa ma daban ne, to a nan Colossus take, wato ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko a duniya, wadda aka ƙera don warware saƙonnin.

Kai jama'a! Tun daga ƙofa za ka ji zafi ya buge ka, ga ƙara, ga wani dogon tef na takarda mai huji-huji yana zagayawa a kan tayoyi da gudun da ido ba ya iya bi, harafi 5,000 take karantawa a duk daƙiƙa. Ta cika ɗaki, jikinta duk ƙwayayen gilashi ne irin na cikin tsohuwar rediyo, bawul ake ce musu, wajen 2,400. Ba allo ba kibod, da makunnai da wayoyi ake saita mata aiki, sakamako kuma ya fito a tafireta. Yayana ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce ƙanena wai wannan ce kakar wayar da ke aljihunmu? Na ce ita ce fa Yaya, ko in ce ɗaya daga cikin kakannin.

Wani dattijon bature mai aikin sa kai ne ya yi mana bayani, kuma abin da ya fi nanatawa shi ne mutane da yawa na zuwa da tunanin Turing ne ya ƙera ta, alhali ba shi ba ne. Na'urar Turing ita ce Bombe, ta warware saƙonnin Enigma, wata na'urar ɓoye saƙo ta Jamus. Colossus kuwa don Lorenz aka yi ta, wato na'urar da Hitler da manyan janar-janar ɗinsa ke aika saƙo da ita, wadda wani matashi Bill Tutte ya gano yadda cikinta yake ba tare da ya taɓa ganinta ba, da lissafi kawai. Wanda ya ƙera Colossus sunansa Tommy Flowers, injiniyan tarho na gidan waya, ɗan birkila daga gabashin Landan wanda da karatun dare ya samu digirinsa. Manya sun ƙi yarda da shi, wai bawul da yawa haka za su riƙa ƙonewa, shi kuma ya sani daga aikin tarho cewa in dai ba a kashe su ana kunnawa to suna daɗewa. Ya ci gaba da aikinsa, har kuɗin aljihunsa ya zuba. Ta farko ta fara aiki a farkon 1944, ta biyu ranar 1 ga Yuni, kwana kaɗan kafin sojojin ƙawance su sauka a Normandy ta Faransa, kafin yaƙi ya ƙare sun kai goma.

Akwai wata kwamfutar kuma a ginin, WITCH ta 1951, tana nan tana lissafi a hankali fitilunta na zagayawa, mun ɗan tsaya a kanta muka wuce.

Colossus ɗin da muka gani fa ba ta asali ba ce, Tony Sale da mutanensa ne suka sake gina ta daga 'yan hotuna da guntayen zane, suka gama a 2007. Saboda bayan yaƙi an farfasa yawancinsu, aka sa Flowers ya ƙona zanensa da hannunsa, aka rantsar da kowa kada ya buɗe baki. Shi ya sa da Amurka ta nuna tata kwamfutar ENIAC a 1946 duniya ta ɗauka daga nan aka fara, sai wajen tsakiyar shekarun 1970 labarin Colossus ya fara fitowa. Wallahi wannan ya taɓa min zuciya, mutum ya yi irin wannan aiki a ba shi fam 1,000 wanda ko abin da ya kashe bai mayar masa ba, ya je banki neman rance don ya ƙera irinta a ce masa ba za ta yi aiki ba, kuma ba shi da ikon cewa ai na riga na yi. Ya koma aikin tarho abinsa, ya rasu a 1998.