Akwatin Ƙarfen Ummi

Sunan mahaifiyarmu aka sa wa babbar 'yar Yaya, shi ya sa babu mai kama sunan a gidanmu, Ummi muke ce mata. Shekararta 11. Tun tana ƙarama hannunta ba ya zama haka kawai. In ta samu gawayi sai bango ya sha zane, in ta samu zare sai ta ƙulla wani abu. Kowa a dangi ya san haka, ni ma na ɗauka na sani, har ranar da na saya mata kyautar da ba ta amfane ta da komai ba.

Ana saura kwana huɗu ƙaramar sallar bara na shiga wani babban kanti a nan Kano, na hango wata jakar roba mai buɗewa kamar littafi. A jikinta an rubuta cewa kaya fiye da ɗari ne a ciki: alƙaluman kala, fensira masu launi, fenti na ruwa a 'yan ƙananan gurabe, burushi ɗaya, da littafin shafa kala cike da hotunan 'ya'yan sarakunan tatsuniyar Turawa. Na biya kuɗi masu kauri, na fito ina jin na gama da Ummi. Ranar salla ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Na gode Goggo, Allah ya ƙara buɗi." Yarinya ce mai kunya, ko dutse ka ba ta haka za ta ce.

Bayan wata biyu matar Yaya ta haihu, na je na zauna musu mako biyu ina taya su hidima. A saman kabad na tarar da jakar, ta yi ƙura. Na sauko da ita na buɗe. Rabin alƙaluman sun bushe, domin ƙannenta sun zubar da murafen, zafin bazara kuma ya ƙarasa sauran aikin. Fensiran kuwa da an fere sai bakin ya karye. Na jiƙa burushin na goga a kan fentin ja, abin da ya fito a takarda bai fi ruwan wankin zoɓo ba, gashin burushin yana zubewa a ciki. Littafin shafa kalar ko shafi ɗaya ba a taɓa ba. Raina ya sosu, amma ban ce mata komai ba. Na dai sa mata ido.

Kullum bayan ta dawo daga Islamiyya, in ta gama wanke-wanke, sai ta shige lungun bayan ɗakin girki ta jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin buhunan gawayi. Rana ta uku na ce, "Ummi, zo ki nuna mini abin da ke ciki." Ta yi jim, sannan ta juye shi a kan tabarma. Ƙyallayen atamfa ne da ta roƙo wajen telan bakin layi, an jera su bisa launi, an ɗaure kowane kashi da zare. Akwai guntayen zaren ulu, da duwatsun wata sarƙa da ta tsinke, da reza da aka naɗe rabinta da tsumma don kada ta yanke ta, da allura guda ɗaya soke a jikin kwali. A ƙasan duka akwai tsofaffin littattafan makaranta guda uku, ta cike shafukan bayansu da baƙin biro. Zanen lalle ne iri-iri, da zanen hular babanta da ta kwafa gida-gida, da dagi da ta maimaita ya fi sau ashirin har sai da igiyoyinsa suka riƙa shiga ƙarƙashin juna daidai. Shafi guda kuma ta kwaikwayi zayyanar allon da aka yi wa yayanta lokacin saukarsa, har da 'yan kusurwoyin nan na gefe.

A nan na gane kuskurena. Na ji an ce yarinya tana son zane, sai na tafi na sayo abin da masu kanti suka ce shi ne kayan zanen yara. Ita kuwa layi take so, da tsari, da abin da ake maimaitawa har ya zama ado. Launi bai dame ta sosai ba. Kuma hoton da wani ya riga ya zana, aka ce ta cike shi da kala, a wajenta aikin 'yan aji ɗaya ne. Mai shekara 11 ta wuce wasan 'yar tsana, ba ta kuma kai budurwa ba, amma idonta ya riga ya san bambancin kayan wasa da kayan aiki. Tana ganin almakashin tela tana ganin na roba, ta san wanne ne ke yanka.

Za ta gama firamare a watan Yuli, sai na ƙudura zan gyara. Wannan karon da Yaya na fara. Na same shi bayan isha'i na gaya masa niyyata. Ya ce shi abu biyu ne a ransa: ba ya son zanen masu rai a gidansa, kuma yana tsoron kada wannan wasa ya cinye mata karatu. Na farkon bai zama matsala ba, domin duk littattafanta uku babu mutum babu dabba. Ashe ma dalilin da ya sa littafin shafa kalar ya zauna a saman kabad ke nan, da na tambaya tun farko da na sani. Na biyun ne muka ɗan ja. Na ciro naira ashirin daga jakata na juya bayanta na miƙa masa. Na ce, "Yaya, ka san matar nan?" Ladi Kwali ce, zaune tana ginin tukunya. Bagwariya ce daga garin Kwali, kuma a hannun 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, aikinta ya zaga Turai da Amurka, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Na ce masa ita wannan jami'ar tana da sassan koyar da zane da sassaƙa da ƙirar tufafi. Ya juya kuɗin ya sake dubawa, ya ce, "To, amma sai ta gama aikin makaranta da hadda tukuna." Na ce na yarda.

Sayayyar ta ɗauke ni Asabar biyu. Na fara da shagunan littattafai na Sabon Gari. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne takarda, kuma ban yi nadama ba. Farar takardar da ake buga takardu da ita a ofis nauyinta giram 70 ne ko 80 a kowane murabba'in mita, da ta ji ruwa sai ta kumbura ta yamutse, in an goge fensir sau biyu sai ta huje. Na sayi littafin zane mai kaurin shafi, wanda ba shi da layi. Fensir guda uku kawai na ɗauka: HB na fitar da tsari, 2B mai ɗan taushi, da 6B mai baƙi ƙirin na yin inuwa. Harafin B ɗin nan, duk yadda lambarsa ta ƙaru haka taushi da baƙi ke ƙaruwa. Na haɗa da baƙaƙen alƙaluma masu siririn baki guda biyu, da magogi mai kyau, da rula, da kamfas ɗin lissafi na ƙarfe saboda da'ira, tunda na ga da murfin kwalba take zagayawa. Sai ƙaramin almakashi na gaske.

Asabar ta biyu na shiga Kantin Kwari na yanki farin yadi na auduga zalla, yadi uku. Daga can na wuce Kasuwar Kurmi na sayi allurai da zaren ɗinkin hula kala biyar.

Akwai abubuwan da hannuna ya kai kansu na janye. Ƙananan duwatsun ado sun ba ni sha'awa ƙwarai, amma gidan akwai mai rarrafe da mai shekara uku, ƙwaya ɗaya ta isa ta shige hanci ko maƙogwaro. Bindigar gam mai zafi ma na bar ta. Wani mai shago ya so ya haɗa mini garin rini na zamani, na tambaye shi da me ake haɗawa, ya ce da soda mai ƙuna da wani farin gari mai wari. Sodar nan tana cin fata, in ta fantsama a ido kuma sai dai a yi asibiti. Manya ma da safar hannu suke taɓa ta. Ba kayan da za a miƙa wa yarinya a tsakar gida ba ne.

Abu na ƙarshe ban yi niyyarsa ba. Ina fitowa na ga masu sayar da akwatunan ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, sai gwangwanin nan na ƙarƙashin gawayi ya faɗo mini a rai. Yarinyar da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙanne uku ba ta da wurin da za ta ce nata ne. Na sayi ƙarami, shuɗi, da kwaɗo mai 'ya'yan makulli biyu. Ɗaya na ba uwarta, ɗaya na zura a zare. Ranar da na kai mata, ta buɗe ta daɗe tana shafa takardar da tafin hannu. Amma da na rataya mata makullin a wuya na ce babu mai buɗewa sai da izininta, sai ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. A cikin duk kayan, shi ne mafi araha.

Farin yadin kuwa na ce ta ajiye, akwai inda za mu. Na yanka mata shi gida huɗu, na nuna mata yadda ake tsunkule yadi a ɗaure da zare tamau, duk inda zare ya kama rini ba zai shiga ba. Kwana biyar ta yi tana ɗauri, har da 'yan tsakuwa take sawa a ciki don da'irar ta fito daidai. Wata safiya da hadari bai taso ba muka hau Adaidaita zuwa karofin Ƙofar Mata, nan kusa da Asibitin Murtala. Ana lissafa kafuwar wurin daga 1498, ƙarshen zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, kuma har yau da baba da toka da katsi ake haɗa ruwan, a bar shi ya yi kwanaki yana tsima a cikin rijiyar. An haife ta a Kano amma ba ta taɓa leƙa wurin ba.

Wani dattijo ne ya karɓe mu. Ya juya ɗaurin nata a hannu, ya ja zaren ya ji ƙarfinsa, ya ce, "Hajiya, wa ya ɗaura wannan?" Na nuna ta. Ya ce, "'Yata, matso nan ki gani." Ya fara murza yadin tsakanin yatsunsa ya tabbatar auduga ce, domin baba ba ya kama yadin roba. Ya tsoma, ya jujjuya a ƙarƙashin kumfar, ya ɗago. Yadin ya fito kore-kore, kamar ruwan ganye. Na ga fuskar Ummi ta canza, ta ɗauka aikinta ya lalace. Ya ce, "Tsaya dai, bari ya sha iska." Muna tsaye muna kallo koren nan ya riƙa juyewa, daga gefe zuwa tsakiya, har ya zama shuɗi. Iska ce ke kama launin ta zaunar da shi a cikin zaren. Ya sake tsomawa ya ɗago, ya sake, kowane zuwa shuɗin yana ƙara duhu. Ta tambaye shi sau nawa ake yi, ya ce ya danganta da abin da mai kaya yake so, mai son ya yi baƙi sai ya yi haƙuri. Yarinyar da ba ta iya haɗa ido da baƙo, ranar sai da ta yi masa tambaya ta fi goma.

Da aka ɗauraye, ya ba ta ta warware da kanta. Ta sa haƙori ta tsinke zaren farko, ta buɗe, farar da'ira ta bayyana da 'yan jijiyoyin shuɗi sun ratsa ta. Yatsunta sun yi kwana uku da launin baba, ta ƙi yarda a goge mata da lemon tsami.

Zaren hular ne ya ba ni wahala, domin ni ban iya ɗinkin ba, kuma zare ba ya koyar da kansa. Ya yi wata guda a akwati. Sai matar Yaya ta tuna da wata tsohuwa a bayan layinsu da ta shekara da shekaru tana ɗinkin hula ana kai mata kasuwa. Muka je da goro da sabulu muka gaishe ta. Ta ce, "Ku turo ta ranar Alhamis da Juma'a da yamma, tunda babu Islamiyya." Makonni biyu na farko ba ta bar ta ta taɓa hula ba, a kan ƙyalle take ta ɗinka layi, ana warwarewa tana sakewa. Rannan ta dawo da kuka ta ce Iya ta farke mata aikin yini guda. Na so in je in yi magana, uwarta ta hana ni, kuma ita ce da gaskiya. Alhamis ta zagayo, Ummi ta ɗauki allurarta ta tafi ba wanda ya ce ta je.

Ba duk abin da na saya ne ya shiga ba. Fensir 6B har yau bai kai rabi ba, ta ce yana ɓata mata gefen hannu. Alƙaluman baƙin kuwa wata biyu suka yi suka ƙare, yanzu duk zuwan da zan yi sai na riƙo biyu, da sabon littafi in na ga tsohon ya kusa cika.

Hular farko ta ɗauke ta wata biyar. Da kanta ta zana tsarin a littafin, ta mayar a kan yadi. Gidajen gefe ɗaya sun fi na ɗayan girma, kuma ta ɗan matse wa Yaya a goshi. Da ita ya je Idi bana. Da na je gaisuwar salla ta jawo ni lungu ta ce ta ga masu zanen ƙwarya suna ƙona ado da wuƙa mai zafi, tana so ta gwada. Na ce wannan sai ta ƙara shekara biyu. Ta ce, "To Goggo, kafin nan ki samo mini ƙwarya fara, zan fara zanawa da fensir."