Moto ya fi shan wahala a saukar kaya

Makon jiya aka kira ni wani bene da ake ginawa a Tunfure, nan Gombe. Injin ɗaga kayansu yana hawa da buhun siminti goma lafiya lau, amma da an loda masa baraguzai zai sauko, sai inbata, na'urar da ke ba motonsa wuta tana sarrafa gudunsa, ta ɗauke. Mai kula da aikin ya ce, "Malam, abin da ya hau da nauyi, gangara ce za ta gagare shi?"

Na ce ya tuna mai zura guga cike da ruwa a rijiya. Igiya ƙasa take yi, hannunsa sama yake ja, tafinsa kuwa sai zafi.

Juya moto baya ba wuya: in mai layi uku ne, musanya wayoyi biyu, shi ke nan. Abin da nake so yaran shagona su riƙe shi ne inda moto ke juyawa daban, inda yake sa ƙarfinsa daban. Yana turawa gaba, yana birki a gaba, haka ma a baya, hali huɗu ke nan. In ƙarfin da juyin sun fuskanci wuri ɗaya, wuta yake sha. In sun saɓa, ya koma janareta. Moto mai fol huɗu, wato kawunan maganaɗisu huɗu, a wutarmu, maganaɗisun cikinsa yana zagaye 1500 a minti, shi kuma yana biye a wajen 1450. Da kaya ya fizge shi ya haura 1500, wuta zai fara mayarwa.

To ina za ta? Inbatar da ke wurin ƙofarta shiga kawai ake yi, ba ta mayar da wuta kan layi. Daga bolt 415 tana tara kusan 580 a kafasitocinta, wato ma'ajiyar wutarta, wutar gangara ta ƙaru a kai, sai ta kashe kanta don kar ta ƙone. Ni ban ga laifinta ba.

Resistar birkin da ya kamata ta ƙone rarar wutar ta zama zafi, a kwali na same ta, ko ledarta ba a cire ba. Wannan ya ɓata mini rai, don akwai leburori a ƙarƙashin kayan nan. Na ɗaura ta inda iska ke bugawa, na duba birkin ƙarfe, muka sauke lodi uku. Na kai hannu kusa da ita, tana huci.