Inda gaiwata ta shiga

Da kaka na sauka Gidimuni, gabas da Damagaram kan hanyar Gure, da littafi da almakashi. Masunta sun daɗe suna kukan gaiwa ta yi wuyar gani a tabkin, ni kuma ina son sanin inda take zuwa da abin da take ci. Tun 2019 aka sa tabkin cikin wuraren Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci a duniya, sai dai kachala na ta cin bakin ruwa.

Dabarata ita ce in ɗan yanke gefen filafilin duk wadda ta faɗa mali, wato tarkon kifi, in sake ta, in jira ranar da za a sake kama ta. Wani dattijon masunci da ke ba ni aron gora ya dube ni ya ce, "Ɗana, gaiwa kake yi wa shaida?" Na ce, "I, Baba." Bai ƙara ba. Ashe filafilin gaiwa tsirowa yake yi. Kafin sanyi ya wuce shaidata ta shafe, wahalar wata da watanni ta bi ruwa.

Wajen abinci na fi sa'a. Nakan zauna gun mata masu gyaran kifi in roƙi kayan ciki. Na yi ta laluben tumbi ban samu ba, don hanji ne kawai miƙaƙƙe mai murɗi a ciki. Haƙoranta kamar dutsen niƙa suke, komai ya iso a daddage: ɓawon katantanwa ya fi yawa, sai ƙwarin ruwa, ƙayar ƙananan kifi, wani sa'in 'ya'yan ciyawa. Ƙarnin kuwa, sai da ya bi ni har ɗakin kwana.

Da bazara ta kama, bakin ruwa ya ja, Baba ya kai ni inda laka ta tsattsage. Ya nuna wata 'yar ƙofa, ya haƙa a hankali. Ga ta nan a naɗe cikin busasshiyar majinarta, tana shaƙar iska da huhu. Ni ina neman ta gabas da yamma a taswira, ita ƙasa ta yi. Maganar da ake yi cewa gaiwa na cin jikinta ma da ƙamshin gaskiya, naman jikinta take narkarwa har ruwa ya sauka.

Wannan lakar ce masu lambu ke kaftewa da rani. Bana sandunan shaida na kai, na kafa su bakin ramukan gaiwa.