Ƙurar filin kokowa da kamarata ta jaka 170

Shekara biyar ina fama da 'yar kamarata ta aljihu, irin wadda za ka latsa ta yi komai da kanta. Da ita na ɗauki sunan 'ya'yana biyu, da ita na ɗauki bukin ƙanwata a Bagalam. Dare da gudu ne suka raba mu. In magariba ta yi, hoto ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero. In yaro na gudu kuwa, kafin ta gama shawara ya wuce, sai ka samu bango da ƙafa ɗaya.

Wani tsohon mai hoto a unguwarmu ya ce mini in daina ƙirga megafiksel. Ɗan farantin da ke kama haske a cikin ƙaramar, wanda suke cewa sensa, milimita 6 ne da 'yan kai a tsawo, bai kai farce ba. Na babbar kamara mai madubi ya kai milimita 22 da 15. Shi ya sa na bi ta Ɗan Issa da Jibiya har Kano, na dawo da Canon 1100D ta hannu, samfurin 2011, megafiksel 12 kacal, alhali ta aljihuna 16 gare ta. Daren farko na ɗauki uwargida tana tuƙa tuwo a hasken ƙwai ɗaya, har tururin ya fito. Na ce kuɗina sun halatta.

Abin da ban lissafa ba shi ne nisa. Gilashin da ya zo da ita, 18-55, ninki uku kawai yake jawowa, ƙaramar da na raina kuwa ninki goma. Dole na ƙara kuɗi na sayi dogo, 75-300. Gilashi biyu ke nan, kuma daga nan wahalata ta fara.

Da gasar takobi, wato kokowar ƙasa ta Nijar, ta zo Maradi, cikin tsakiyar hunturu, na tafi filin kokowa na Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin a Tahoua a 1975, da jakata a kafaɗa ina jin kaina. In makaɗa suka matso sai in sa gajeren gilashi, in 'yan kokowa suka kama sai in cire in sa dogon. Na yi haka ya fi sau shida. Kamara a kan cinya, bakinta buɗe yana kallon sama, iska na kaɗawa, 'yan kokowa na ta da yashi da ƙafa. Ko kashe ta ban yi ba.

A gida na ga ɗigo-ɗigo baƙi a sararin samaniyar kowane hoto, wuri ɗaya ba ya gusawa. Na goge gilashi, suna nan. Na goge madubin ciki, suna nan, don ashe madubi ɗagawa yake lokacin ɗauka, ƙurarsa ba ta shiga hoto. Da a nan na tsaya, da na huta. Sai na ɗaga madubin, na hura da baki, yawu ya sauka, na naɗe bakin rigata a yatsa na goge. Rigar da na wuni da ita a filin kokowa! Ƙwayar yashi ɗaya ta ja layi daga sama zuwa tsakiya.

Mai gyara a Kano ya haska da fitila, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, da me ka goge?" Na ce da riga. Bai ce komai ba, ya jawo wata 'yar roba mai kamar albasa, ya matsa ta sau biyu iska ta fito, ya ce wannan kaɗai ta isa tun farko. Kuɗinta jaka biyu, wato sefa dubu biyu. Canjin siririn gilashin da ke rufe sensa ya ci mini jaka 45, ban da kuɗin mota zuwa da dawowa da sati uku na jira. Har yau in na ga robar nan cikin jaka sai in ji zafin jaka 45 ɗin.

Mai son sauya kamara a garin nan ya fara tambayar kansa ko dare da gudu ne ke damunsa. In hoton rana ne a tsakar gida, ta aljihu ko ma waya ta ishe ka, kuma ba ta buɗuwa, da wuya ƙura ta shiga. In ka saya kuwa, ka zaɓi gilashi tun daga ɗaki ka fita da shi. In canji ya zama dole, kashe ta, juya bakinta ƙasa, ka ba iska baya. In kana zargin ƙura, sa ta a f/22, wato ka tsuke ƙofar hasken gilashin, ka ɗauki sama, duk za su bayyana. Yatsa da riga kada su kusanci ciki.

Uwargida ta karɓe ƙaramar, cikin jakar hannu take yawo da ita gidan suna. Ranar da na dawo daga Kano ta ce, "Baban Nana, tawa dai ba ta taɓa kwana wajen likita ba." Na yi kamar ban ji ba, na shige ɗaki, na rufe taga kafin in cire gilashi.