Daga Dubai zuwa Abu Dhabi, ranar da yaranmu suka ɗau kofi

Ni dai ba ƙwallo ta kai ni Daular Larabawa ba a watan Nuwamban 2013, kaya muka je saye ni da maigidana, muka sauka a unguwar Deira. Sai aka yi dace ƙasar ce ke karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, kuma yaran Najeriya suna ta yi wa mutane ruwan ƙwallaye. Wasan farko a Al Ain sun lallasa Meziko 6-1, Kelechi Iheanacho shi kaɗai ya zura huɗu. Suwidin ce kawai ta riƙe su 3-3, ita ma da aka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe uku suka ɗura mata ba ko ɗaya.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Juma'a 8 ga wata a Abu Dhabi, da Meziko ɗin dai. Tun daren Alhamis nake ta kewaye-kewaye har na samu na furta. Alhaji ya dube ni ya ce, kai yanzu ka baro gida ka hau jirgi don ka je kallon yara suna guje-guje? Na ce ranka ya daɗe ai gobe Juma'a, shaguna ba sa buɗewa sai yamma, kayanmu kuma an riga an ɗaure. Ya yi shiru. Can ya ce to mu je tare, dama yana so ya ga masallacin Sheikh Zayed da ake ta ba shi labari.

Bayan an sauko daga masallaci muka gangara bakin ruwa muka shiga abra, wani kwale-kwalen katako ne mai inji da ke tsallakar da mutane kan dirhami 1, mutum ya zauna a benci ba ƙofa ba taga, ruwa na fantsamo maka a ƙafa, Alhaji ya riƙe ƙarfe gam yana ta salati ni kuma ina danne dariya. Daga can muka taka zuwa tashar Al Ghubaiba muka hau bas. Tafiyar kusan awa biyu ce, titi shimfiɗe kamar tabarma, in ka wuce dogayen benaye da Jebel Ali sai rairayi. Masallacin kuwa ta taga muka hango shi, fari fat, na ce Alhaji in muka tsaya za mu rasa wuri, ya ce dama na san haka za ka yi mini.

Filin Mohammed bin Zayed a cikin gari yake. Ashe ba mu kaɗai ba ne, 'yan Najeriya ta ko'ina, masu aiki a can da 'yan kasuwa da ɗalibai, ga ganguna ga kakaki, 'yan Meziko ma sun zo da manyan malafunansu. Gaskiya gabana na faɗuwa, don kowa sai zancen 6-1 yake kamar an riga an gama, alhali 'yan Meziko ne ke riƙe da kofin tun 2011, kuma bayan wancan kashin da suka sha sun fitar da Burazil a bugun fenareti sannan suka ci Ajantina 3-0.

Abin da talabijin ba ta nuna maka shi ne ƙanƙantarsu. Da suka fito ɗumama jiki kusa da mu sai na ga yara ne sosai, wani ko gemu bai fara ba, yana ta waige-waige yana kallon jama'a. Alhaji ya ce wannan ai sa'an autana ne. Da ya ji sunan kociyan Manu Garba, kyaftin kuma Musa Muhammed, sai ya gyara zama.

Meziko ce ta fara kawo hari, gola Dele Alampasu ya ture wata da na riga na sadaƙar ta shiga. Minti 9 aka kai musu farmaki, Musa Yahaya ya matsa wa mai tsaron bayansu lamba har yaron ya ci gida. Haka aka tafi hutu 1-0, ni dai ban natsu ba.

Kowa Iheanacho yake tunawa, kuma ya cancanta, shi aka ba kyautar gwarzon gasa. Amma a idona daren nan na Musa Muhammed ne. Lamba biyu yake bugawa, gajere, amma sama da ƙasa yake ta yi a gefen dama kamar an ɗaura masa inji. A minti na 56 shi ya ɗaɗa wata daga nesa golan ya kasa riƙewa ta zube gaban Iheanacho ya tura raga. Sai minti na 81 aka samu bugun tazara a bakin da'ira, ya ajiye ƙwallo ya ja baya, ya murɗa ta ta wuce katanga ta shige, golan ya bi ta amma ina. Ina juyowa na ga Alhaji tsaye kan kujera, hula a hannu yana kaɗawa, yana ihun yaro Allah ya yi maka albarka, wani da bai taɓa gani ba ya rungume shi suna tsalle.

3-0 aka tashi. Kofi na huɗu kenan bayan na 1985 da 1993 da 2007, a lokacin babu ƙasar da ta kai haka, ƙwallo 26 suka ci a wasa bakwai.

Sai tsakar dare muka koma Deira, murya ta dishe. A bas Alhaji ya yi ta tambayata su waye za su sayi yaran nan, nawa ake biyansu, iyayensu sun zo kuwa. Muna sauka ya ce gobe da sassafe za mu wajen masu kago, wato masu jigilar kaya, kuma in muka koma gida kada in kuskura in gaya wa Hajiya ya hau kujera.