Wasiƙa daga Landan: kafin ku ce in taho muku da PS5 ko Xbox

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki,

Ina fatan kowa yana lafiya, da iyali da sana'a. Mu ma nan alhamdu lillahi, sai sanyi da ya fara kankama.

Duk lokacin da aka ji ina shirin zuwa gida, saƙon da ya fi cika min waya daga ƙannena ne da 'ya'yan yayyena. Wannan ya ce "Yaya, a taho min da PS5", wancan ya ce "Kawu, wai da gaske Xbox ta fi ƙarfi?" PS5 ta kamfanin Sony da Xbox ta kamfanin Microsoft na'urorin wasan gem ne da ake haɗawa da talabijin. Kwanan baya a zauren WhatsApp na gidanmu an kwana biyu ana wannan musu har da ɓacin rai. Shi ya sa na ga gara in ba da amsa guda a fili, musamman saboda masu gidajen gem, waɗanda na'urar nan ita ce jarinsu.

Batun ƙarfi ba zai ɗauke mu lokaci ba. Xbox Series X ta fito ranar 10 ga Nuwamban 2020, PS5 ta biyo ta bayan kwana biyu, kowace a kan dala 499. Kamfani ɗaya ne, AMD, ya ƙera ƙwaƙwalwar da ke cikinsu, kuma kowace tana da memori gig 16. A takarda Xbox ta ɗan fi ƙarfin zana hoto, ita kuma PS5 ma'ajiyarta ta fi saurin ɗauko wasa, sannan hannun wasanta, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, yana da wani tauri da motsi da ake ji a yatsa. Amma a ajiye su gefe da gefe a kunna ƙwallo a irin talabijin ɗin da ke gidajen gem ɗinmu, da wuya a sami mai bambancewa. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Abin da nake so ku duba shi ne ko na'urar tana da bakin saka faifai, domin a nan ake gane wanda ya mallaki wasa da wanda aka ara wa.

A 2013, da Microsoft ya gabatar da Xbox One, ya ce dole na'urar ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24, in ba haka ba wasanninka su tsaya, kuma ya sa sharuɗɗa a kan ba da aron faifai ko sayar da shi. Da aka tambayi shugaban sashen na lokacin, Don Mattrick, yadda marasa intanet za su yi, sai ya ce ai akwai tsohuwar Xbox 360, su tsaya a kanta. Nan take Sony ya fitar da ɗan gajeren bidiyo na koyar da yadda ake ba aboki aron wasa a PS4: wani jami'insu ya miƙa wa ɗan uwansa faifai hannu da hannu, shi ke nan. Jama'a suka yi ca, kafin watan Yuni ya ƙare Microsoft ya janye. Muna murna a lokacin, mun ɗauka an gama.

Ashe abin da aka ƙi ta ƙofa ta taga zai dawo, kuma wannan karon duk kanwar ja ce. Xbox Series S, mai arha, ba ta da bakin faifai ko kaɗan. PS5 ma tana da irin wannan samfurin. PS5 Pro da ta fito a Nuwamban 2024, a nan fam 700 ba kaɗan aka sa mata, kuma duk da haka sai ka sayi abin karanta faifai daban, sannan ranar da za ka fara haɗa shi sai da intanet. Nintendo ma, da ya fitar da Switch 2 a Yunin 2025, ya zo da wasu katunan da babu wasan a cikinsu, mabuɗi ne kawai, sai ka sauke wasan daga intanet.

Idan ka danna "saya" a shagonsu na intanet, izinin amfani aka ba ka, kuma wanda ya ba ka yana iya karɓewa. Wannan ba zargi nake yi ba, ya faru a gaban kowa. A Disamban 2023 Sony ya sanar da cewa zai goge shirye-shiryen tashar talabijin ta Discovery daga asusun mutanen da suka biya kuɗinsu suka saya, sai da aka yi ta ƙorafi ya fasa. Kamfanin Ubisoft kuwa bai fasa ba: a ƙarshen Maris na 2024 ya kashe wasan tseren mota mai suna The Crew, har wanda ke riƙe da faifansa a hannu bai iya kunna shi ba, saboda wasan ba ya tashi sai ya gaisa da kwamfutocin kamfanin. Wannan ne ya sa wani mai suna Ross Scott ya fara gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, kuma a 2025 takardar koken da aka kai gaban Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta yi doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, cewa duk shagon da zai rubuta "saya" sai ya bayyana wa mutum cewa lasisi yake biya.

To in mutanen da ke da wuta dare da rana da intanet marar iyaka suna kuka da wannan tsari, ina ga mu? Akwai wasannin da girmansu ya haura gig 100. Ku lissafa kuɗin datar, ku lissafa awannin da janareta zai yi yana shan mai kafin ya gama sauka, in ma netwok ɗin bai yanke a tsakiya ba. Bayan wannan, Najeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da shagon PlayStation ya san da zamansu. A duk nahiyarmu Afirka ta Kudu ce kaɗai a jerin. Shi ya sa kowa yake buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila. Ranar da matsala ta taso, da wane baki za ka kai ƙara, alhali tun a rajista ka ce kana zaune a garin da ba ka taɓa gani ba?

Abin da ya fi sa ni rubuta wannan wasiƙa shi ne abin da ya sami ɗan yayata. Yaron nan ya shekara yana tara kuɗi daga gyaran waya, ya je kasuwa ya sayi na'ura ta hannu marar faifai, mai shagon ya ce masa an cika ta da wasanni goma sha biyu. Ya kama ɗan shago a bakin layinsu, ya sa benci biyu da fanka, yara suna biya suna buga ƙwallo. Wata na biyu bai cika ba, ya kira ni ta bidiyo da daddare, ya juya wayar yana nuna min talabijin: kowane wasa da ɗan hoton kwaɗo a kansa. Ashe wasannin a asusun wani suke, mai asusun kuma ya canza kalmar sirri ya janye abinsa. Yana magana muryarsa na rawa, ga yara biyu a bayansa riƙe da hannun wasa suna jira. Da ya koma wurin mai shagon, amsar da ya samu ita ce, "Ai a gabanka aka gwada, tana yi." Cinikin biri a sama ya yi, kuma ban ga laifinsa ba, don ba wanda ya taɓa yi masa wannan bayanin.

A nan ɗana yana gama wasa sai ya sa faifan a jakar makaranta ya kai wa abokinsa, ya karɓo wani. In sun gaji da shi mu kai shagon kayan hannu a ba mu wani abu a kai. Faifan da ya zaga gida uku a Landan shi ne gobe za ku gani a Sabon Gari ko titin Beirut a Kano. Duk ranar da aka daina buga faifai, wannan hanyar da wasa yake bi ya iso hannun yaronmu da arha ta toshe.

Akwai kuma haƙƙin mai saye idan kaya ya lalace. Dokar Birtaniya ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kayan da ya zo da aibi a ba ka kuɗinka cas. Na taɓa mayar da hannun wasa da sandarsa ke karkata da kanta. Yarinyar da ke sayarwa a shagon ta duba rasit, ta gwada, ta mayar min da kuɗina ba tare da musu ba. Mu ma a Najeriya muna da dokar kare masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC mai kula da ita, kuma dokar ta ba mutum damar mayar da kaya mai aibi, sai dai ba ta da amfani ga wanda bai karɓi rasit ba. Ku riƙa karɓa, a rubuta lambar na'urar a jiki, da kwanakin garanti.

Kada a ce na zalunci Xbox. Series X, mai bakin faifai, tana karanta faifai da yawa na Xbox 360 har da na farkon, abin da PS5 ba ta yi wa faifan PS3, ita iyakarta na PS4. Tsarinsu na Game Pass kuma, wanda ake biyan kuɗin wata a buga wasanni da yawa, ko ba komai, bai ɓoye cewa haya ba ne, kodayake a Oktoban 2025 sun ɗaga babban matakinsa zuwa kusan dala 30 a wata. Ga mai intanet mai ƙarfi da yake canza wasa kullum, yana iya yi masa. Amma ga mai gidan gem a Kano ko Maraɗi, ni PS5 mai faifai zan zaɓar masa, in kuɗin bai kai ba ya riƙe PS4 ɗinsa, saboda faifanta ya fi yawo a kasuwanninmu kuma masu gyara sun san cikinta. Kafin ku biya, ku sa mai shago ya cire ta daga intanet, ya goge asusunsa daga na'urar, sannan a kunna wasan a gabanku.

In Allah ya yarda ina tafe a hutun Disamba. Ɗan yayata na riga na saya masa mai faifai, tana nan a kwalinta da faifan ƙwallo biyu. Mai son in duba masa wani faifai ya sanar da ni kafin ƙarshen Nuwamba, don nauyin jaka a ƙayyade yake. A gaida su Hajiya da kowa da kowa.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Landan