La Traviata a gidan La Fenice

Wallahi labarin wannan opera, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa, na taɓa min zuciya, mace ce mai tarin fuka mai suna Violetta ta haƙura da masoyinta saboda babansa ya roƙe ta, ƙarshe ta cika a gaban masoyin nata. A gidan wasan La Fenice na birnin Venis a Italiya aka fara nuna shi a 1853, Verdi, wanda ya tsara kiɗan wasan, ya so 'yan wasa su saka kayan zamaninsa amma aka ƙi, aka maida labarin can wajen 1700. Gobara ta cinye gidan ƙurmus a 1996, bayan an sake gina shi da wannan wasan aka dawo da opera a 2004. Ni dai ina bayan Verdi, in Violetta ta fito da irin kayanmu na yau zafin ya fi shiga jiki.